Ƙiba da Rama da Ciwon Daji na Nono

Wannan ɗan littafi an yi shi ne domin matan ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram. In kai ne mai karatun boko a gidanku, kada ka karanta ka ajiye. Ka bari sai bayan sallar lisha, sa'ad da aka gama cin tuwo, ka tara matan gida ka karanta musu a hankali. In kuwa kana jin nauyin tsofaffi, ka ba 'yarka ko ƙanwarka da ke makaranta ta karanta musu. Daga nan da mata za mu yi magana, amma kai ma ka kasa kunne, akwai naka a gaba.

Abin da ido ke gani

Uwargida, ke ma kin san yadda a kan yi a gidan biki. In mace ta shigo ta yi ɓul-ɓul, sai ki ji ana cewa, "Kai, wance ta samu gidan hutu." In kuwa ramammiya ce, sai a shiga raɗa, ana tambaya ko lafiya. Watau mun mai da ƙiba ma'aunin lafiya, rama kuwa alamar ciwo.

To, a wajen ciwon daji na nono, wanda waɗansu ke kira sankarar mama, wannan ma'auni ba ya aiki. Mai ƙiba ta kan kamu, siririya ma ta kan kamu. Ba mai iya duban mace daga nesa ya ce nononta lafiya lau ya ke. Sai an duba da ido, an taɓa da hannu, wani lokaci kuma sai an ɗauki hoto. Duk da haka nauyin jiki yana da ruwa da tsaki a cikin maganar, kuma ya kamata ki san ta ina.

Mene ne ciwon daji?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda a ke gina ɗaki da tubali. Kullum waɗansu na mutuwa, sababbi na maye gurbinsu, kome bisa ƙa'ida. Wata rana sai waɗansu ƙwayoyi a cikin nono su ƙi bin ƙa'idar, su yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su dunƙule su zama ƙullutu. Da fari ƙullutun bai wuce ƙwayar wake ba, kuma galibi ba ya zafi ko kaɗan. Wannan rashin zafi shi ke yaudarar mata. In aka ƙyale shi, sai ya aika da 'ya'yansa zuwa kaluluwar hammata, daga nan su bi jini su sauka a ƙashi, ko hanta, ko huhu. Kamar gara ce a rumbu: ranar da ta bayyana a waje, ta daɗe tana ɓarna a ciki.

Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma aikin kishiya ba ne. Ba a ɗaukarsa wajen cin abinci a ƙwarya ɗaya, ko wajen jinyar mai shi. Ajiye kuɗi a cikin rigar nono ma ba ya kawo shi.

Ciwo ne na duniya duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an samu mata wajen miliyan 2.3 da suka kamu, kuma ya kashe wajen 670,000. A Nijeriya shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata. A wannan shekara an ƙiyasta sababbin kamu fiye da 30,000 a ƙasar nan, waɗanda suka rasu kuwa sun kai wajen rabin wannan adadi. Amma a ƙasashen da mata ke zuwa asibiti da wuri, kuma akwai kayan aiki, cikin mata 10 da suka kamu, fiye da 9 suna nan da ransu bayan shekara 5. Ciwon iri ɗaya ne. Babban abin da ya bambanta mu da su shi ne lokacin zuwa, don mafi yawan matanmu ba su isa gaban likita sai ciwo ya riga ya yi nisa.

Ina ruwan ƙiba a ciki?

A jikin ko wace mace akwai wani sinadari da likitoci ke kira istirojin. Shi ke sa budurwa ta yi ƙirgen dangi, shi ke tafiyar da haila. Muddin mace na haila, daga mazaunin ƙwanta ya ke fitowa, kusa da mahaifa. In ta manyanta haila ta ɗauke, wannan wuri ya kan daina aiki. To, a nan ne kitse ke shigowa, domin kitsen jiki ma yana yin wannan sinadari. Tsohuwa mai kitse da yawa tana da istirojin a jininta fiye da tsararta siririya, kuma da yawa daga cikin ciwon daji na nono da wannan sinadari su ke girma, kamar yadda ciyawa ke girma da taki. Sabo da haka ƙiba bayan ɗaukewar haila tana ƙara wa mace haɗarin kamuwa. Kitsen kuwa ba rana ɗaya ya ke taruwa ba. Wanda aka tara tun daga haihuwar fari zuwa ta auta, shi ne a ke shiga tsufa da shi.

Abu na biyu, kitse ya kan ɓoye ƙullutu. Ki ɗauki tsakuwa ki sa a ƙarƙashin zane, hannu zai ji ta nan da nan. Ki sa ta a cikin matashin kai mai auduga, sai kin danna ƙwarai. Haka ya ke ga mai manyan nonuwa. Sau da yawa ba ta jin kome sai abin ya kai girman ƙwan zabo ko ya fi.

Na uku, kunya. A Amurka, inda a ke kiran mata su zo a ɗauki hoton nono, an lura masu ƙiba ƙwarai sun fi sauran mata ƙin zuwa. Waɗansu na gudun hawa sikeli, waɗansu na gudun tuɓe riga a gaban baƙo. Mu ma nan ba mu rasa irin wannan. Ga ta ita ce haɗarinta ya ƙaru, ga ta ita ce ta fi nisa da asibiti.

Siririya kada ta saki jiki

Kada wata ta ji wannan ta ce, "Alhamdu lillahi, ni ba ni da kitse, na tsira." Ba ki tsira ba. A ƙauyukanmu ramammu sun fi masu teɓa yawa, ga aikin gona, ga haihuwa kusa da kusa, ga abinci ba ya isa a tsakiyar damina, amma ciwon bai ƙyale ƙauye ba. Wajen rabin matan da ke kamuwa ba a samun wani dalili a tare da su, sai dai kawai su mata ne kuma shekaru sun fara ja. A ƙasarmu ya kan kama mata da yawa tun suna tsakanin shekara 40 da 50, har da waɗanda ba su kai haka ba, suna tsakiyar goyo.

Akwai kuma gado. In mahaifiyarki, ko 'yar'uwarki, ko 'yarki ta taɓa yin wannan ciwo, ki faɗa wa likita. Gadon ya kan biyo ta wajen uba ma, don haka a tuna da gwaggo kamar yadda a ke tunawa da inna.

Wata rama kuma ita kanta alama ce. In mace na cin abinci yadda ta saba, ba azumi, ba zawo, amma zane na ta yi mata yawa wata da watanni, wannan ba ramar da za a yi wa shiru ba ce. Tana iya zama tarin fuka, ko ciwon sukari, ko ciwon daji da ya yi nisa. A tafi asibiti.

Yadda za ki san nauyinki

A ɗakin shan magani na garinku akwai sikeli, wanda a ke auna masu ciki ranar awo. Ba na masu ciki kaɗai ba ne. Ki roƙi ma'aikaciyar lafiya ta auna nauyinki da tsawonki, ita ta san lissafin. Ga misali. Mace mai tsawon mita 1 da santimita 60, in nauyinta na tsakanin kilo 48 da kilo 63, daidai ta ke. In ta kai kilo 64 ta fara wuce kima. In ta kai kilo 77, ƙiba ce sosai. In kuwa ba ta kai kilo 47 ba, ta rame, abinci ta ke bukata.

In sikeli ya yi nisa, a aro tef na tela. A zagaya ciki da shi daidai saman cibiya, ba a kan zane mai kauri ba. Ga macen da ba ta da juna biyu, in ya wuce santimita 80 a fara lura, in ya wuce 88 kitsen ciki ya yi yawa.

Rage ƙiba ba da yunwa a ke yi ba. Tuwon dawa da na gero, da wake, da miyar kuka, da kuɓewa, da zogale, da yakuwa, duk abinci ne nagari, iyayenmu da su suka rayu. Abin da ya canza shi ne sukarin da a ke zubawa a koko da fura da shayi, da lemon kwalba, da soye-soye, da man da a ke malalawa a kan shinkafa da taliya. Aiki kuma ya ragu ga waɗansu. Da, mace ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa. Yanzu inji ya ɗauke mata, to, madalla, ba mu ce a koma wahala ba. Amma jikin da ba ya motsi ya kan tara kitse. Ko a cikin kulle ki ke, ki samu abin da zai sa ki yi gumi kamar rabin sa'a a yini: shara, ko daka, ko zagaya tsakar gida da sauri.

Shayarwa kuwa kariya ce, ku riƙe ta. An tabbatar ko wace shekara ɗaya da mace ta yi tana ba da nono tana rage mata haɗarin da wajen kashi 4 cikin 100.

Sai maganar ƙwayoyin ƙiba da a ke sayarwa a kasuwa, waɗanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, a ke kuma ɗura wa amare kafin biki. Da yawansu magunguna ne masu ƙarfi da likita ke bayarwa don wata cuta dabam. Kumburin da su ke sawa ba lafiya ba ne. Su kan jawo hawan jini da ciwon sukari, su raunana ƙashi. Uwar da ke son 'yarta ba ta ba ta su.

Duba kai a ɗaki

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ba wanda ya kai ki sanin jikinki, sabo da haka ki saba da nononki tun yana lafiya, domin ki gane ranar da ya sāke. Sau ɗaya a wata ya isa. Mai haila ta duba bayan ta yi wankan tsarki da kwana biyu ko uku, don lokacin ne nono ya fi laushi. Wadda haila ta ɗauke mata ta riƙe ranar da aka ga sabon wata, ba za ta manta ba.

Ki fara da ido. Ki tuɓe a inda akwai haske, ki tsaya gaban madubi, hannuwa a ƙasa, sa'an nan ki ɗaga su sama. Ki duba ko ɗaya ya kumbura ya bar ɗan'uwansa, ko fata ta lotsa a wani wuri, ko ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka ya ke ba, ko ya yi ƙurji da ya ƙi warkewa. Mai manyan nonuwa ta ɗaga ko wanne ta duba ƙarƙashinsa.

Sa'an nan ki kwanta rigingine a tabarma, ki sa ɗan tsumma a ƙarƙashin kafaɗar dama, ki ɗora hannun dama a bayan kai. Da cikin yatsu uku na tsakiya na hannun hagu za ki taɓa nonon dama. Kada ki tsunkula, ki danna ne kina murzawa, kamar mai neman tsakuwa a cikin gari. Ko wane wuri ki danna sau uku: sama-sama, da tsaka-tsaki, da can ciki har ki ji haƙarƙari. Wannan danna ta uku ita ce mai ƙiba ba za ta tsallake ba. Ki bi ko'ina, daga ƙashin wuya zuwa ƙarƙashin nono, daga tsakiyar ƙirji zuwa cikin hammata. In kin gama ki juya ki yi wa na hagu. Waɗansu sun fi jin daɗin yi wajen wanka, da sabulu a hannu, wannan ma ba laifi. In kin ga jini ko wani ruwa na fita daga kan nono ɗaya shi kaɗai, ba kya ciki ba kya goyo, shi ma abin kai wa asibiti ne.

In kin ji wani abu, kada gabanki ya faɗi. Mafi yawan ƙullutun nono ba daji ba ne, musamman ga 'yan mata. Amma hannunki ba ya iya rarrabewa, hannun ungozoma ma ba ya iyawa. Mai goyo ta san nono ya kan yi tsami ya kumbura da zazzaɓi. Wannan ya kan sauka da magani. In aka sha magani mako ɗaya ko biyu taurin na nan, a koma, kada a ce ai ciwon goyo ne.

A asibiti

Duba kai bai isa shi kaɗai ba. Macen da ta kai shekara 40 ta riƙa zuwa ma'aikaciyar lafiya ta duba ta sau ɗaya a shekara, ko ba ta jin kome. Mai gadon ciwon ta fara tun kafin haka. Kada ki raina duban hannu don ba a sa na'ura ba. A birnin Mumbai na ƙasar Indiya an bi mata fiye da 150,000 har shekara 20. Rabinsu ma'aikata mata da aka koya wa aikin suna duba su da hannu duk bayan shekara biyu. Da aka bayyana sakamako a 2021, an ga ana gano ciwon da wuri a cikin waɗanda a ke dubawa, kuma a cikin masu shekara 50 zuwa sama mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100.

Ko daga Kantoga ki ke, ko Sundimina, ko Sara, ko Basirka, ko Fagam, hanyar ɗaya ce. Ki fara da asibitin da ya fi kusa. In an ji abin da ba a gamsu da shi ba, za a ba ki takarda zuwa gaba, kamar asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In kin fi son mace ta duba ki, ki faɗa, kuma kina iya shiga da 'yar rakiya. In ba a samu mace ba, ki daure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Likita na iya aika ki hoto. Akwai na sikanin, irin wanda a ke yi wa masu ciki, akwai kuma wanda a ke kira mamogiram, inda a ke matse nono tsakanin faranti biyu na ɗan lokaci a ɗauki hotonsa. Yana iya nuna ciwo tun hannu bai fara jinsa ba, kuma ƙiba ba ta hana shi gani. Daga nan a kan sa allura a ɗebo ɗan abin da ke cikin ƙullutun, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan gwaji shi kaɗai ke tabbatar da daji ne ko ba daji ba ne.

A nan ne mata da yawa ke gudu, domin an daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Ba haka ba ne. Dalilin wannan magana shi ne an saba kai mace asibiti bayan ciwo ya gama bin jiki, in ta rasu sai a ɗora wa aikin likita. Abin da ke ɓata nono shi ne sakiya da tsaga da ƙaho da shafe-shafen da ke cin fata, ga watanni na wucewa. Addu'a kuwa ba ta hana magani, a haɗa su.

Maganin ya danganta da inda ciwo ya kai. Akwai aikin tiyata, akwai maganin da a ke sawa ta jijiya, akwai ƙwayoyin da a ke sha shekaru don tare wa ciwon istirojin, akwai kuma gashi da na'ura, wanda a ke yi a manyan asibitoci kamar na Zariya da Abuja. In an zo da wuri, wani lokaci ƙullutun kaɗai a ke cirewa a bar nono. Maganin jijiya ya kan sa amai da zubar gashin kai, amma gashi na sake tsirowa. Wadda ta fara kada ta tsaya a tsakiya don ta ji sauƙi.

Kai kuma maigida

Matarka ba za ta fita sai da izininka, kuɗin mota ma daga hannunka zai fito. In ta ce maka ta ji wani abu a nononta, kada ka ce a bari sai an yi girbi, ko sai an sayar da riɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta fara a 2021, ta ce daga ranar da mace ta fara kai kuka asibiti zuwa ranar da za a tabbatar da abin da ke damunta kada a wuce kwana 60. Kwanakin da aka ɓata a gida kafin a tashi, kai za ka iya rage su.

Mun san magani na da tsada, ba za mu ɓoye maka ba. Amma akuya ɗaya da aka sayar don gwaji tun abin na ƙarami ta fi sa da gona da za a sayar daga baya. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na taimakon masu ciwon daji marasa ƙarfi, aka soma da asibitoci shida, cikinsu har da na Zariya da Gombe da Abuja. In an tura ku babban asibiti, ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya ka tambayi taimakon da a ke bayarwa.

Waɗansu mata na ɓoye ciwon ne don tsoron a cire nono miji ya juya musu baya, ko a yi musu kishiya. Kai ne za ka cire mata wannan tsoro, da bakinka, tun kafin ta tambaya. Ka kuma tuna da mahaifiyarka da sauran tsofaffin gida. Su ne haɗarinsu ya fi yawa, su ne kuma ba su zuwa awo, balle wani ya duba su. Kai ba za ka iya yi musu wannan magana ba, amma matarka ko 'yar'uwarka za ta iya. Maza ma su kan kamu, ko da ya ke ba safai ba, wajen mutum 1 cikin 100 na masu ciwon, don haka in ka ji tauri a ƙarƙashin kan nononka kai ma ka je.

Ranar tafiya ku yi sammako. Ku riƙe katin asibiti da duk takardar da aka taɓa ba ta, da kwalin ko wane magani da ta ke sha, har na gargajiya a faɗa wa likita. In an ɗebi gwaji, ka tambayi ranar da sakamako zai fito, ka sa a rubuta maka ita a bayan kati, ka kuma bar lambar wayar da za a same ka.